Bashmuhandis Mai Buta

Duk wanda ya san Yaya Usmanu ya san butarsa. Ba ta alwala nake nufi ba, wata tsohuwar butar ƙarfe ce duk ta lotse. Shi ne shugaban ofishin injiniyoyi masu duba hanyoyi, Bashmuhandis guda, wato babban injiniya, amma in an gama titi aka kira shi ya sa hannu, ba takarda yake fara dubawa ba. Sai ya tattare jallabiya ya tsuguna, ya tsiyaya ruwa a kan kwalta, ya zuba ido ya ga ina ruwan zai nufa.

"Ɗan kwangila zai yi mini ƙarya," in ji shi, "ruwa bai iya ba."

A gonakin auduga na Jazira ya koyo wannan, lokacin da yake ban ruwa tare da Baba. Jami'a takarda kawai ta ƙara masa.

Kun tuna ranar da muka je ganin gidan da za a kai 'yarsa? Ana kawo shayi, mutumin nan ya tashi ya zuba ruwa a tsakar gidan surukai. Ruwa ya miƙe sai ɗakin amarya.

"A ɗaga biki, a cike nan da ƙasa."

Na ce, "Yaya, wallahi ka ba mu kunya!"

Ya ce, "Kunya za ta bushe kafin katifa."

A aljihunsa kuma kullum akwai ɗan littafin dokokin ofis. Wata rana ya gan ni a kasuwar garinmu da ake kira Kasuwar Libiya da ƙullin kaya a ka, shi yana cikin motar gwamnati. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Ina! Ya leƙo ya ce, "Hauwa, doka ta ce motar ofis ta aikin ofis ce." Ya sauko, ya sallami direba, ya ɗora ƙullin a kansa. Mota ta tafi wayam, mu biyu muna binta a ƙasa muna shan ƙurarta.

Haushin ranar nan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, na haura arba'in. Na rantse sai na karanta littafin nan da idona, in ga ko da gaske doka ta hana mutum ɗaukar ƙanwarsa. Da ya ji, murna kamar ya taka rawa. Ya ba ni tsohon kwafinsa. Mata na koyon karatu da labarin kaza da akuya, ni ina fama da "ikon shugaba da na mataimakinsa".

To, sai aka zo yi mana titi a unguwarmu, Umbadda. Shekara da shekaru muna roƙo. Aka shimfiɗa kwalta baƙa wuluk, saura sa hannun Yaya a buɗe. Ya zo da buta. Ya zuba nan, ya zuba can, ruwa duk ya gangara ƙofofinmu.

"Titin ya fi gidaje tsayi, kuma ba magudana. Ba zan sa hannu ba."

Aka tare titin da ganguna. Wata biyu muna kallon kwalta muna tafiya a rairayi. Mata suka sa ni gaba: "Yayanki ne ya hana mu hanya." Mudir, babban da ke sama da shi, ya kira shi ya ce ko ya sa hannu ko ya bar kujera. Ni ma na je har gida.

"Kai kaɗai ka san ruwa? Za ka rasa aikinka saboda buta!"

"Gidanki ne na uku daga kwanar titin, Hauwa."

"Gidana ne, ba naka ba!"

Ranar taron kwamitin unguwa na miƙe da littafin a hannu. Ina son a ga Hauwa ta iya karatu, ba zan ɓoye ba. Na karanta musu a fili: in shugaba yana hutu, mataimakinsa ne ke sa hannu, kuma mudir yana da ikon tura shi hutu in hutun ya taru. Yaya kuwa rabonsa da hutu har an manta. Aka tafa mini. Kafin mako ya zagayo an ba shi hutun dole, mataimaki ya sa hannu, aka kwashe ganguna ana guɗa.

Na jira faɗa. Da muka haɗu sai ya ce, "An ce kin karanta sashen nan ba ki ɓata ko wasali ɗaya ba. Madalla."

Da ma mari ya yi mini.

Damina ta faɗi. Wata Juma'a da hantsi ruwa ya sauko daga kan titin ya shigo mana kai tsaye. Gidajen ƙasa ne. Katangata ta zube, ɗakina ya bi ta. Layinmu kaf muka koma kan kwalta da gadaje, domin ita kaɗai ce tudu. Sai ga shi tafe da shebur, ruwa har gwiwa.

Na ce, "To faɗi mana! Ka ce ka gaya mini!"

Ya ce, "Riƙe kwandon nan, ina haƙa kina kwashewa."

Ba a mayar da shi kujerarsa ba. Hutu ya yi ta ƙaruwa har ritaya. Amma kullum da safe yana wurin mai shayin ƙofar ofis da butarsa, wai ba a sallame shi a rubuce ba, doka kuwa rubutu ta ce. Masu gaishe shi da Bashmuhandis suka riƙa raguwa. Sannan yaƙi ya watsa mu. A Jabal Awliya ya rasu, gidan 'yar tasa, ni ina wani gari. Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba. Bakina ya iya komai ban da wannan.

Da hanya ta samu na je kabarinsa, 'yar ta miƙo mini butar. Na tsuguna na tsiyaya ruwa kamar yadda ake yi. Sai na kama kaina ina kallon inda zai bi. Ya gangara gefe da gefe, bai kwanta ko'ina ba.

Na ce, "Yaya, da ka ga wannan, da ka sa hannu."

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya sa ka yafe wa Hauwa tun ranar kwandon nan.