Kawu Sanda da Kwamin Yara

Duk wanda ya tashi a Gaya a zamaninmu, Kawu Sanda magini ya taɓa auna shi. Yana tafe sai ya tare yaro a hanya: "Kai, tsaya nan!" Ya zaro igiya daga aljihu, ya gwada daga diddige zuwa gwiwa, ya ƙulla, ya wuce abinsa ba ko sallama. Wata mata ta taɓa biyo shi da muciya har bakin kasuwa, wai likkafanin ɗanta yake aunawa. Ya waiwayo ya ce, "Baiwar Allah, likkafanin nake son in hana."

Gaskiya ya faɗa. Kowace shekara in kogi ya cika sai ya ci yaro, kuma ƙanen Kawu na cikin waɗanda ya ci tun suna ƙanana. Daga ranar bai sake taka jirgin ruwa ba. Dahome ga ta can a ƙetaren kogin muna hango ta, shi kuwa har ya mutu labarinta kawai yake ji. Burinsa guda ne: ya gina wa yara kwami, wurin wasan ruwa a tudu, su bar kogi.

Ya dami kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, da zarya har aka ba shi kusurwa a lambun gari, da siminti, da takardar zane. Na zo hutu daga lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, sai ya aiko a kira ni.

"Madamu, zo ki karanta mini abin da Nasara ya ce."

Na karanta. Na ce, "Zurfi metir ɗaya da rabi."

"Nuna mini a jikina."

Na nuna masa haɓarsa. Ya yi tsaki ya ce, "Wannan kansa ya zana wa." Ya naɗe takardar ya toshe bakin tulu da ita. Ya ɗauko igiyarsa, ya zaɓi ƙullin da ya fi duka gajarta, na wata ƴar Hamsatu mai ƙosai da ko tafiya ba ta gama koya ba, ya ce nan ruwa zai tsaya. Da tafintan kumandan ya zo yana faɗa, wai ba a bi metir ba, Kawu ko ɗagowa bai yi ba. "Ka kawo metir ɗin in tambaye shi ko shi zai yi wankan."

Sai maganar santsi. Bai yarda da daɓen kowa ba, har nasa. Ya shafe tafin ƙafarsa da sabulu, ya sa aka kwara ruwa, ya shiga yana takawa kamar zakara. Taku uku, tim! Rawani gabas, shi yamma. Na ce, "Kawu, ka faɗi!"

Yana kwance ya ce, "Wa ya faɗi? Aiki nake. Ke dai lakwal ba ta koya miki komi ba." Ya sa aka farfashe daɓen aka sake. Sau uku yana wannan aikin, sau uku matarsa Inna na gasa masa ƙugu tana zaginsa.

Ranar da ƴan garuwa suka cika kwamin, wa ya fara zuwa? Mata da ƙullin wanki. Bayansu wani Bafillace da shanu bakwai, yana ta godiya wai ashe gwamnati ta tuna da su. Kawu ya yini yana kora da sanda. Yara kuwa, ko ɗaya! Suka tsaya daga nesa suna dariya. Ƴaƴan masunta ne fa, sun iya iyo kafin su iya tsarki. Wani ya ce, "Baba, wannan ai na agwagi ne." Suka ruga kogi.

Ni da bakina na ce masa, "Kawu, ka gina faranti ka ce a yi iyo ciki. Wa zai zo?" Ranar ko tuwo bai ci ba, har na ji kunyar kaina, abin da ba na yawan yi.

Washegari sai ga shi da masaki a ka, ruwa na zuba masa a wuya. Tarwaɗa ce masu rai ya karɓo wurin masunta, daga nesa da gaɓa ba shakka. Ya juye su cikin kwamin, ya buɗe murya: "Wanda ya kama da hannu, tasa ce!"

Wayyo Allah! Kafin azahar ba wurin sa ƙafa. Ruwa iya gwiwa, tarwaɗa na sulɓewa, yara na kifewa kan juna, har ɗan liman ya shiga da rigarsa. Daga nan kowace safiya sai ya kawo kifi. Inna ta ce shi kaɗai ne namijin da ke ɗauko cefane ya kai wa ruwa.

Da ciwo ya kwantar da shi, kogi na cike, ni ke jinyarsa. Gidanmu na bayan lambun, ihun yara ya hana shi barcin rana. Na tashi a fusace zan rufe ƙofa, in je in ci mutuncinsu.

Ya ce, "Bar ta a buɗe, Madamu. In ina jin su, na san inda suke."

Allah ya jiƙan Kawu Sanda, ya sanyaya masa makwanci, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Yaran da ya tsare, Allah ya ci gaba da tsare mana su. Amin.