Ranar da na ce "can" a aji huɗu

Wataƙila ƙwaƙwalwata ta haɗa wasu abubuwa da wasu, amma ina jin da damina ne, muna aji huɗu, wata Litinin da ruwa ya kwana yana zuba. Ina zaune a bencin ƙarshe, allo kuwa ya zame mini kamar hayaƙi. Na daɗe ba na ganin rubutu daga nesa, sai dai in kwafa daga littafin Sani, abokin zamana, har da kurakuransa. Ran nan na yi ƙarfin hali na ɗaga hannu don in roƙi a dawo da ni gaba.

Na ce, "Can I ask a question, sir?"

Malam Isa, malaminmu na Turanci, ko juyowa bai yi ba. "Iyawa dai ka iya, tunda kana da baki." Aji ya kwashe da dariya, na zauna da tambayata a ciki.

Da yamma muna ɓarar gyaɗa a gindin mangwaron gidanmu, kaji na tsintar abin da ya faɗi, yayata Hadiza ta matsa mini sai da na faɗa mata. Ta yi dariyarta ta more, sannan ta ce, "Kai dai matsoraci! 'Can' iyawa ce, 'may' neman izini. Maimaita." Na yi ta maimaitawa, a hanyar rijiya, a wajen ba awaki dusa, har Inna ta tambaya ko sabuwar addu'a aka koya mana.

Litinin ta zagayo, na miƙe tsaye. "May I ask a question, sir?" Malam ya ajiye alli ya dube ni. "You may." Na faɗa masa damuwata, kafin a tashi tara ina bencin gaba, ina ganin kowane harafi tar.

Yanzu ina aiki a Doha, a ofishin wani gareji a unguwar Sanaiya, da tabarau a fuskata. Nan kowa "One question, boss" yake cewa, a ba shi amsa. Na kuma karanta cewa "can" ma ba laifi ba ne a hira, ko da yake ban isa in yanke hukunci ba. Ni dai har gobe "may" nake cewa, shugabana ya yi murmushi ya ce, "Yalla, maza yi tambayarka."

Wanda muka yi ajin tare, in na yi kuskure a wani wuri, don Allah ya gyara mini. Musamman Sani: ni na tuna ban ji dariyarka ba ran nan, ina so in san ko haka ne.