Matar da ke saurare da ƙeya

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, ta riga ta shiga ɗakin gwaji, ta jera kwalaben rini, shuɗi da ja. Mai Gilashi ake ce mata. Aikinta ta karɓi ɗan naman da likita ya kankaro daga cikin mahaifar mace, ta yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta shimfiɗa a kan gilashi, ta rina, ta miƙa wa likita ya duba a na'ura. Takan ce ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin mahaifa kowace na sanye da 'yar riga ta maiƙo da sukari, kuma idan ciwon daji ya fara sai rigar ta sauya. Mutum ya yi ta yawo da tufafi a cikin cikinsa bai sani ba, ikon Allah.

Wani dattijon kafinta ya san ta ne ranar da aka kira shi gyaran kantar katako a ɗakin. A lokacin yana ɗauke da abin da ya hana shi sukuni. Matarsa, wadda al'ada ta ɗauke wa tun kafin su yi jika, jini ya dawo mata. Tana wanke zannuwa a ɓoye, tana shanyawa a bayan ƙofa. Ya gani, ta san ya gani, amma kullum hirarsu ba ta wuce tsadar katako da tarin jikansu ba. Ta ina dattijo zai fara?

Ya lura kujerar Mai Gilashi bango take kallo.

"Yaya, in juya miki ita?"

"Bar ta, Malam Kafinta. Mutane sun fi faɗa wa ƙeyata gaskiya."

Ya yi ta buga ƙusa inda ba a buƙata. Can ya ce, "Wani abokina ne, matarsa..." Ya faɗi sauran yana kallon guduma.

Ba ta waiwayo ba. "Ka ce wa abokin naka ya kawo ta wurin likita gobe. In ƙafarsa ta yi nauyi, kai ka rako ta, tunda na ji gidanku ɗaya."

Kunya ta rufe shi har ya manta zartonsa a can. Amma ya je gida ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Maman yara, gobe za mu asibiti." Ba ta tambayi dalili ba.

Sankara ce, ba ta yi nisa ba. Aka cire mahaifar, matar ta tashi.

Mai Gilashi, ke ce kika yi shekaru kina ba mutane baya don su sami bakin magana. Ke ce ba ki taɓa gaishe da wadda kika taimaka a kan hanya ba sai in ita ta fara, don kada a tambaye ta ina kuka san juna. Mu kuwa muka saka miki da sunkuyar da kai. Matar Kafinta kanta ta gaya wa dangi gyambon ciki aka yi mata aiki, kuma in ta hango ki sai ta tsaya gyaran takalmi har ki wuce.

Da za ki ajiye aiki a watan jiya, an yi miki taron bankwana, amma ɗakin bai cika ba. Wa zai zo ya ce na gode, a ce masa da me? Kafinta ya je, ya tsaya a baranda, ya dawo.

A makon ne ƙanwar matarsa ta zo, ita ma ta manyanta, tana ta kame-kame a kan wani ciwon mara. Yana daga waje yana feƙe katako, ya ji matarsa ta ce, "Ke, nawa ba gyambo ba ne. Jini na gani. Ɗauko mayafinki."

Mun gode, Mai Gilashi, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu aikin asibiti, ku koyi yadda ake sauƙaƙa wa mai jin nauyi. Ke kuma uwa, in jini ya dawo bayan ya ɗauke, ki faɗa, ko da bango za ki kalla.