Ba Zan Ɓoye Ciwon Yaya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki, Yaya, bayan jinyar ƙoda ta wata biyu.

Tun ba a share makoki ba jaridu suka cika da yabonki: gwanar ƙagaggun labarai, mai littafi tara, mai fara'a. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "In za ki yi rubutu, ki bar zancen wancan ciwon. A rufa mata asiri." Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wane asiri? Sata ta yi?"

Ni ƙanwarki ce, ni nake buga miki rubutu. Na san watannin da ciwon damuwa yake danne ki, ki kulle ɗaki, ki saki labule, ko wanka sai na lallaɓa ki. Ranar da aka ba ki lambar yabo, kika dawo kika zauna a ƙasan kicin da kwalliyarki, kika ce, "Auta, kowa yana tafi, ni kuwa wayam nake jin zuciyata." Dangi suka ce aljanu ne, wasu suka ce raunin imani, ke da salla ba ta taɓa wuce ki ba.

Da ƙafarki kika je wurin likitan ƙwaƙwalwa, kika bi layi fuska a buɗe. Wata mata da ta kawo 'yarta ta gane ki, ta sunkuyar da kai. Kika matsa kusa da ita kika ce, "Baiwar Allah, ɗaga kanki, layinmu ɗaya." Shekara shida kina kiran 'yar nan duk mako. Jiya ta zo gaisuwa da goyonta.

Littafinki na ƙarshe, wata rana layi biyu kacal za ki miƙo min, ki ce, "Buga kafin in yaga." Masu cewa ciwon ne ya ba ki basira, su kama bakinsu. Ciwon bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Shekaru ya ƙwace miki, ke kuma kika tsaya da ƙafarki kika ƙwato abin da ya ƙwatu.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da maigidanki, da 'ya'yanki uku. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki natsuwar da kika shekara talatin kina nema. Amin.