Indararon Ɗakin Kaka Tasalla

A Madarunfa, da damina ta kankama, sauro ne ke mulkin gari daga magariba. Tabki na nan kusa, ruwa ya kwanta a kowane lungu, sai ka ga kowa na marin kansa. Maganin kakata Tasalla guda ne: ta zuba garwashi a wani tsohon kasko, ta ɗora ɗanyen ganyen bedi, wato dogon yaro, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar ɗakinta. Idanu su yi ta ruwa, amma ba mai tashi, domin a bakin kaskon nan ake tatsuniya. Mu jikoki mukan zagaye ta da an idar da isha'i, tuwo bai gama sauka ba. Ni ce ke kwana ɗakinta, don haka ni ke zama kusa da ƙafarta ina taƙama. Takan ce da ni "ƙawata mai bakin tsiya", saboda ba a taɓa kai tatsuniya ƙarshe ban tsoma baki ba.

Ɗakin nata soro ne na ƙasa, da azarar giginya. Kakanmu namiji ya gina shi da hannunsa tun ba a haifi babana ba, kuma ya yi masa indararo biyu: babba ta baya, ƙarami ta gefen itacen bedi. Kowace shekara, da hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ya jingina tsani ya ɗaga murya, "Za a hau soro!" Matan maƙwabta su ja mayafi, mai wanka ta hanzarta, domin wanda ke sama yana ganin tsakar gidan kowa. Sai ya hau ya share ganye da rairayi, ya tuge ciyawar da ta tsiro, ya zura sanda cikin indararo har ta ɓullo ta waje. Daga nan a miƙa masa tulun ruwa ya zuba, ya tsuguna yana kallon inda ruwan zai tsaya. Duk inda ya kwanta, nan zai cike da laka da ƙaiƙayi, ya lailaye har gangaren ya koma wajen indararo. In bakin indararon ya ɗago sama, ya sake dasa shi ya sunkuyar da shi. Bayan rasuwarsa babana ya gaji aikin. A shekarar da nake ba da labari kuwa, babana ya tafi cin rani Nijeriya, ciwo ya riƙe shi can har damina ta yi nisa.

Namiji babba da ya rage a gidan shi ne Baba Isuhu, yayan babana, ɗan farin Kaka. Wanda ya san mutanenmu na da ya san abin da wannan ke nufi. Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta aikensa. In ya zo gaisuwa da safe sai ta kau da kai, ta amsa wa bango. In dole ta ambace shi, "wancan" take cewa. Shi ma haka ya tashi ya gani, bai ɗauke shi ƙiyayya ba. Mutumin kirki ne. Kifin da ya fi kyau daga tabki ɗakinta yake fara shiga, ta hannunmu.

A ranin shekarar ya sayi injin niƙa, ya gina masa rumfar kwano a jikin bayan ɗakin Kaka. Sai ya zamana babban indararon yana kallon kan injin daidai. Baba Isuhu ya cire shi, ya cusa buhu a ramin, ya yaɓe da laka, ya ce kafin ruwa ya sauka zai huda wani ta gefen hanya. Ruwa kuwa bai jira shi ba. Ga shuka, ga layin mata da ƙoren hatsi tun da sassafe. Soron Kaka ya koma da ƙaramin indararo shi kaɗai, wanda bedi ke zuba wa ganye dare da rana.

Ruwan farko da ya yi ƙarfi, muka ga yana malalowa ta saman gefen soron yana bin bango, indararon kuwa sai ɗan ɗigo. A ciki wani baƙin tabo ya fito tsakanin azara biyu. Kaka ta tara ƙwarya.

Mamata ta ce, "Inna, ki sa a hwaɗa wa Yaya mana. Samannan ta jiƙe."

Kaka ta ce, "Shina da ido."

Mamata ta daure ta faɗa masa da kanta, sau ɗaya, tana kallon ƙasa, don ita ma matar ƙane ce. Ya ce to, bari a gama noman fari. Ba ƙarya ya yi ba, niyyarsa ke nan. Amma kowa a gidan ya sani, da Kaka ce ta buɗe baki ta ce masa hau, ko ana tsawa sai ya hau. Aka roƙe ta ta koma ɗakin mamata kafin a gyara, ta ce ita ba ta kwana ɗakin suruka ga ɗakin mijinta a tsaye. Ni dai ta kore ni. Ta ce na cika shure-shure, na hana ta barci, in koma wajen uwata. Na yi fushi sosai, na yini ban gaishe ta ba.

A cikin kwanakin nan ne wata rana ta ce mu ɗauko kaskon mu kai shi jikin katangar da ta raba mu da rumfar injin. Ta ce iskar can ta fi daɗi. Ta bayan katangar muna jin Baba Isuhu yana goge ƙarafunansa, kamar yadda ya saba bayan isha'i.

Ta ce, "To, ga wata nan ta taho daga nesa, ku buɗa mata hanya."

Muka ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma."

Muryarta ranar ta fi ta kullum ƙarfi. Ta ce wai an yi wani indararo mai kunya, wanda tun da aka dasa shi bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Rannan iska ta kawo masa busasshen ganye. Ganye ya ce, "Na gaji, in ɗan huta nan?" Indararo ya ce gida naka ne. Ganye ya kira 'yan'uwansa. Sai ga tsuntsuwa da tsinke a baki, tana neman inda za ta yi sheƙa, nan ma ya ce bismilla. Rairayi ya zo ya ce shi ɗan mitsitsi ne, ba zai tare wa kowa wuri ba. Ciyawa ta ga rairayi ya samu gida, ta kafa saiwa a kansa. Har wata baƙar leda 'yar zamani, wadda ko sallama ba ta yi ba, ta shige ta baje. A nan muka fashe da dariya, don Kaka ta kwaikwayi tafiyar ledar da kafaɗunta. Maƙogwaron indararo ya cushe, numfashi na yi masa wuya, amma duk wanda ya tambaye shi lafiya sai ya ce lafiya lau.

Sai babban baƙo ya iso, wato Ruwa, wanda ke zuwa duk shekara. Kaka ta sauke murya ta yi tasa: "Ni ba kwana nika yi ba, ba abinci nika so ba. Hanya kaɗai za ku ba ni in wuce." Ba hanya. Ruwa ya zauna bisa soro yana jira. Wani ruwan ya zo ya tarar da shi, ya zauna shi ma. Da zaman ya ishe su sai suka fara neman hanya ta ƙasa, suna ratsa laka, suna lasar azara. Soro ya ji nauyi ya kai masa ko'ina, yana so ya kira maigida, amma soro ba shi da wani baki sai indararo.

Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce, "Kaka, to mi ya hana shi yin kuwwa tun da wuri?"

Ta daɗe tana tona garwashi da tsinke. Sannan ta ce, "Akwai wanda ba a yi ma kuwwa, ƙawata."

"Maigidan fa? Bai nan?"

"Shina kusa. Aiki ya yi mishi yawa."

Muka jira ƙarshen labarin, ba ta kawo shi ba. Ta goge ido da gefen zane, ta ce hayaƙin yau ya cika yaji, kowa ya tashi ya kwanta. Muka watse muna gunaguni an cuce mu rabin tatsuniya.

Ba a daɗe ba aka kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi. Da hantsi muna tsakar gida muna tare ruwa da laka, Kaka ta shiga ɗakinta za ta juye ƙwaryar da ta cika. Ƙarar ba ta yi yawa ba. Wani dum ne mai nauyi, ƙasa ta girgiza, sai ga ruwa ja yana fitowa ta ƙofa. Sannan muka ji muryarta daga ciki.

"Isuhu!"

Wallahi da farko ban gane wa take kira ba, don ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Shi ya gane. Ta kan katanga ya diro, ya faɗa cikin lakar yana tono da hannu, farcensa na ɓallewa, yana cewa, "Ga ni, Inna, ga ni." Kafin maƙwabta su kawo fartanya ya riga ya ɗaga azarar da ta danne mata ƙugu. A amalanke aka kai ta gidan likita, shi ke riƙe da kanta.

Ta yi 'yan kwanaki kafin ta rasu. Ba ta sake kiran sunan ba, in ya shigo ma sai ta juya fuska bango kamar da. Duk wanda ya zo dubiya ya tambayi yadda aka yi, sai ta ce ɗakin ne ya tsufa, shi da mai shi. Babana ya iso bayan an yi sadakar uku. Ni kuwa sai da na girma na fahimci dalilin da ya sa ta ce na cika shure-shure, kuma har yau in na tuna yinin da na ƙi gaishe ta zuciyata ciwo take yi.

Na yi aure na koma Maraɗi. Shekaru na ɗauka cewa Baba Isuhu bai ji tatsuniyar ba, na ce ƙarar ƙarfe ce ta hana shi, kuma wannan ya sa nake iya kallonsa da sauƙin rai. Bara na je gida gab da damina, na tarar da shi ya tsufa ƙwarai, yana zaune yana nuna wa jikokinsa yadda za su zuba ruwa bisa soro su ga inda ya kwanta. Muka yi hira, har na kawo zancen indararo mai kunya, ina tsammanin sabon labari zan ba shi.

Ya ce, "Na ji ta, ɗiyata. Ina bayan katanga, tun daga farko har inda ta tsaya. Da ta zo wajen ledar nan har dariya na yi. Na ce a raina, tsohuwa ta iya labari." Sannan ya ce, "Na zaci ku yara taka ba labarin, ba ni ba."

 Muka zauna muka yi kuka, yaran na sama suna leƙo mu.

Ba na zargin Kaka. Kunyar nan ita ce irin ƙaunar da aka koya mata, kuma ta riƙe ta da gaskiya har ta danne ta. Shi ma ba na zarginsa, domin an raine shi ne a kan cewa uwarsa ba ta magana da shi, to ta yaya zai san ranar da ta yi? Abin da na ɗauka daga wancan dare kaɗan ne: ƙaramin abin da ya toshe, a faɗe shi tun yana ƙarami, kuma a faɗa wa mai shi.

Ina da ɗan fari yanzu, ya kusa gama lakwal, wato makarantar boko. Da sunansa nake kiransa, a gida da kasuwa, a gaban kowa. Tsofaffin unguwarmu sukan riƙe haɓa su ce 'yar Madarunfan nan ba ta da kunya ko kaɗan. Ina jin su, ba na ba su amsa, domin na san in na buɗe baki zan yi bayani, kuka ne zai fito.