Shuɗɗan Harsasan Lorna Haugen

Duk wanda ke zuwa filin harbi na bayan garin Laurel ranar Asabar ya san Lorna Haugen. Ko bai gane fuskarta ba, zai gane hayaƙinta. Sauran ranaku motar 'yan makaranta take ja, shekarunta sun haura hamsin, muryarta kuma irin ta wadda ta saba tsawatar wa 'ya'yan mutane ba tare da ta waiwayo ba. Bayan mutuwar aurenta ta fara shiga gasar gudu da harbi, tun daga nan ba ta sake neman wani abin yi da Asabar ba.

Bindigarta ƙarama ce, irin ta manyan 'yan gasa: gilashin saiti a sama, a baki kuma wani ƙarfe mai ramuka da ke watsa iskar albarushi sama don kada bakin ya yi tsalle. Kowa a filin ya san abincin irin wannan bindiga, harsashi mai rigar tagulla. Dalma narkewa take yi ta liƙe a ramukan. Lorna kuwa dalma take harbawa, wadda yayanta Emmett ke zubawa a garejinsa, ya birkita ta cikin garin fenti shuɗi, ya gasa a tsohuwar tandar lantarki. Fentin nan shi ne rigarta. In ya gasu sosai, da sauƙi. In bai gasu ba, sai hayaƙi da datti.

Tun da ɓarin jikin Emmett ya shanye ya ajiye bindiga, zubin nan kaɗai ya rage masa. Shi ya sa mutane ke kallon Lorna da tausayi. Kullum ta biyu ko ta uku take zuwa a cikin mata, kullum kuma sai wani ya dafa kafaɗarta ya ce da ba don harsasan yayanta ba, da ita ce kan gaba. Takan sunkuyar da kai ta ce, "To, ya zan yi? Ɗan'uwa ne." Maganar tana yi mata daɗi a baki fiye da yadda za ta yarda.

Wata Asabar abin ya yi muni. Tana tsakiyar zagaye hayaƙi ya rufe ta, gilashin saiti ya yi dishi-dishi, farantai biyu na ƙarfe da ya kamata ta harbo suka tsaya ƙiƙam suna kallonta. Virgil Stroud, maƙerin da ya ƙera mata bindigar, wanda rigar ƙungiyar shagonsa ce a jikinta, ya ja ta teburin duba makamai. Ya zaro tsinken ƙarfe ya soma sakace ramukan, dalma na zubowa kamar ƙanzo.

"Direba, wannan bindiga ce ko bututun murhu?"

"Kai ka ƙera ta, tsoho. Kai za a tambaya."

"Ni doki na ƙera miki, kika mai da shi jakin itace." Ya ajiye tsinken, wasa ya bar fuskarsa. "Sunana ne a bayanki, Lorna. Mutane gani suke bindigar Virgil ce ke tari. Kafin gasar jiha, ko ki koma tagulla, ko ki dawo mini da rigata."

Ta ɗauki bindigarta ta fita. Ta wuce gidan Emmett da shirin ba shi labari yadda zai ga abin da take jurewa dominsa. Ta same shi a gareji, kofi ya huce a gefensa, Virgil kuma ya riga ya bugo masa waya.

Da hannunsa mai lafiya ya turo mata guduma, ya ɗora harsashi guda a kan maƙera.

"Buga."

"Yaya, ban zo don..."

"Buga, na ce."

Ta buga. Harsashin ya baje, fentin ya tarwatse ɓalli-ɓalli kamar ƙwanson ƙwai. Wanda ya gasu, ko an mitsike shi, fentin na manne da shi. Duk mai zubi ya san wannan gwaji, Emmett kuwa ya daina yinsa tun da hannu ya ƙi riƙe guduma.

"Tandar nan ta fara sanyi, ban lura ba," in ji shi. "Amma ke kin lura. Tare muka tashi a gaban tukunyar dalmar Baba, kin san kalar ɗanyen fenti. Kika kwashe, kika yi shiru."

"Ba na son ɓata maka rai."

"Haba, 'yar nan. Yaushe kika fara jin tsoron ɓata mini rai? Tun kina da wushirya kike zagina." Bakinsa da ya karkace ya yi wani abu mai kama da murmushi. "Matashin kai kika mai da ni. In kin faɗi, ki faɗo kaina, ba zafi. Je ki sayi tagullarki kamar kowa, mu ga ƙarshen gwanintar."

Jinin Lorna ya hau kai. Ba ƙarya ce ta ƙona ta ba, don ba ƙarya aka yi mata ba. Shekaru tana tsoron ranar da za ta tsaya da kaya masu kyau a hannu, a kuma wuce ta. Amma a ce Virgil ya ba ta umarni da safe, Emmett ya ba ta da rana, duka biyun kuma tagulla? Ta kama wayar wutar tandar ta fizge daga bango, don ta tafi da tandar gida.

"Ba zan saya ba. Kai ka zuba, ni zan gasa, ni zan gwada. In ɗaya ya ɓare, a mayar da zubin duka tukunya."

"Virgil zai karɓe rigarsa."

"Dama ta matse ni a hammata."

Washegari ta kai rigar shago, a wanke, a goge. Virgil ya dubi rigar, ya dube ta.

"Taurin kai zai kashe ki, direba. Ko ya gasu, sai ya bar datti. Wa zai riƙa goge miki?"

"Hannuna biyu lafiyarsu lau."

Ta je gasar jiha cikin tsohuwar rigar aikinta, ba sunan kowa a bayanta. Tsakanin zagaye da zagaye tana zaune tana kankare ramuka, sauran mata na hira a inuwa. Bindigar ba ta yi mata gardama ba ko sau ɗaya. Gilashi garau, farantai a fili. Ta zo ta biyar.

Tana haɗa kayanta wata abokiyar harbi ta matso, ta dafa kafaɗarta.

"Sannu, Lorna. Ai da ba don harsasan nan ba..."

Lorna ta ture hannun, ba da ƙarfi ba.

"Harsasan ba su da laifi. Ni ce na yi nawa a zagaye na uku, na kuma kuskure faranti. Ki faɗa wa duk wanda ya tambaya." Ta rataya jakarta. "Ki kuma gaya musu ina nan dawowa baɗi."