Kukan Azurfa a Kan Dutsen Niƙa

Abin da mahaifiyata ta bar mini bai cika tafin hannu ba. Liyari ne guda ɗaya, babban kuɗin azurfa na mutanen da, mai hoton wata ƙosasshiyar mace a gaba, a baya kuma mikiya mai kai biyu. Tun kafin a haife ni aka daina ciniki da irinsa. Ita ma gadonsa ta yi daga mahaifinta, maƙerin fari a Zariya. Da ta rasu aka danƙa mini shi, ya yi baƙi saboda tsufa, na ƙulle shi a tsumma. Duk inda ƙafa ta kai ni yana tare da ni, har Mpape, inda na zo zama wurin autata da mijinta bayan idona ya fara hazo.

Mijin auta ɗan Kano ne, mutumin kirki, yana da rumfa a cikin gari inda yake sayar wa baƙi kayan gargajiya: tukwanen Kwali, duwatsun wuya, tsofaffin takubba. Shekara huɗu muna gida ɗaya, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, shi a durƙushe, ni fuskata a gefe. In ina da magana da shi, auta nake ba wa ta kai. Haka muka taras ana yi da suruki.

Wata rana ya aiko auta ta ari liyarin. Ya ce ya sayo irinsa cike da jaka wurin wani mutum a kasuwar Masaka, yana so ya gwada su da nawa. Na bayar. Ran Alhamis da la'asar auta ta shigo ɗakina tana murza hannu.

"Inna, kada hankalinki ya tashi."

Na ce, "Ai kin riga kin tashe shi. Faɗi."

Ashe da ya ga kayan sun yi datti, sai ya juye su a kwano, ya matsa lemun tsami, ya zuba toka, ya dirje su sarai don su yi wa masu saye kyau. Nawa yana ciki, ya manta bai ware shi ba. Yanzu duk sun zama fari fat, fuska ɗaya, girma ɗaya. Kuma wani oga mai tara tsofaffin kuɗi zai zo ran Asabar ya kwashe jakar gaba ɗaya.

Na fito tsakar gida na tarar da shi durƙushe gaban kwanon. Ya juya wajen auta yana magana, don ni in ji.

"Ki ba Inna haƙuri. Ta ɗauki kowanne, ta ɗauki biyu ma. Ai duk ɗaya ne."

"Malam," na ce, ina dubansa, "wa ya ce maka duk ɗaya ne?"

Auta ta saki ludayin da ke hannunta. Shi kuwa ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce ya kanga musu mayen ƙarfe, babu wanda ya bi. Ya ce shekarar da aka rubuta a jikinsu ma iri ɗaya ce, ya duba a waya.

Na ce, "Dalma ba ta bin mayen ƙarfe, tagulla ma haka. Batun rubutu kuwa, ni ban yi boko ba, amma mai zuba jabu ya yi."

Na tsoma hannu cikin kwanon. Wasu na da santsi irin na sabulu, zuciyata ta ƙi su nan take. Amma yatsun tsohuwa ba mizani ba ne, ido kuma ya riga ya yi sallama. Abu ɗaya ya rage mini, kunne. Mahaifiyata ta koya mini ina yarinya: a saki kuɗi a kan dutsen niƙa. Dalma takan ce tab, ta yi shiru. Tagulla takan yi tsawa ta katse. Azurfa kuwa kuka take yi, siriri, mai tsawo, kamar ba ta son rabuwa da kunnenka.

Na gwada a kan sumunti, ya haɗiye sautin. Na gwada a kan faranti, farantin ya fi kuɗin surutu. Ga janareta, ga injin markaɗe, ga manyan motocin tsakuwa suna gangarowa daga wurin fasa dutse. Gari a kan dutse, ana fasa dutse safe da yamma, amma gidanmu babu dutsen niƙa.

Auta ta ce, "Inna, ki bari mana. Kaka ba za ta yi fushi ba."

Na ce, "Ita ba za ta yi ba. Ni zan yi."

Na ɗauki sandata na hau hanyar ƙafa zuwa bayan tsauni, gidan wata tsohuwar Bagwariya wadda iyayenta suka noma wurin tun ba a kafa ko bukka ɗaya ta haya ba. Na san tana da dutse, don na sha jin tana niƙa dawa.

"Mama, ka zo niƙa?" ta ce. "Inji tana bakin titi, ka wuce ta."

"Kuɗi zan niƙa."

Ta yi dariya har da tari. "To, in ya yi gari ka ba ni, ni ma na tuƙa tuwo na zama Hajiya."

Muka yi da ita zan zo bayan asuba, kafin motoci su tashi.

Ran Juma'a da sassafe surukina da kansa ya ɗauko jakar, auta na biye. Bagwariyar ta wanke dutsen ta goge shi ya bushe. Na yi bisimilla, na zauna, na kawo kunnena na dama kusa, don shi ne mai sauran ƙarfi. Na saki na farko. Tab. Na tura shi hagu. Na biyu, tab. Na uku ya yi tsawa ya katse. Tulin hagu yana girma, numfashin surukina yana ƙaruwa a bayana.

"Inna, anya ba dutsen ba ne?" ya ce.

"Oga, bar dutse na," in ji mai gidan. "Ta girme ka."

Na ci gaba da saki. Sai tsoro ya kama ni, na ce ko kunnen ne ya mutu ban sani ba, ko na riga na tura nawa hagu. Na tsaya, sannan na saki wani. Sai ya yi kuka. Ya yi ta yi har ya kwanta a kan dutsen, sautin bai gama fita daga ɗakin ba.

Auta ta ce, "Alhamdu lillahi! Inna, tashi mu tafi."

Na ce ba a barin niƙa a rabi. Na ci gaba har ƙasan jaka, kuma saura kaɗan a gama wani ya sake yin kuka, irin na farko sak.

Surukina ya dafe kai. Ya ce yanzu ya gane: mutumin Masaka ya zaro guda ɗaya ya ba shi ya kai wa maƙeri ya duba kafin su yi ciniki, maƙeri ya ce azurfa ce. Wannan ɗayan shi ne tarkon.

Ga biyu a gabana, muryarsu ɗaya. Daga nesa na ji motar farko ta tashi.

"Inna, riƙe duka biyun," ya ce. "Wallahi na yafe."

"Ba azurfa na zo nema ba, Malam. Na uwata na zo nema."

Na rufe ido na bi bakin kowanne da babban yatsa. Jiya a cikin kwano wannan bai yi amfani ba, don masu jabu sukan goge baki da magagari su ɓoye tabon zubi, duk sai ka ji su sumul. Amma tsakanin na gaske biyu, yatsa yana da abin faɗi. Na farko rubutun bakinsa a tsaye yake duk kewaye, yana cizon fata. Na biyu ma haka, har na zo wani wuri da ya lotsa, faɗin ƙwayar wake, sumul kamar bakin tsohuwar ƙwarya. Nan na tuna. Mahaifiyata ta taɓa ce mini da shi mahaifinta yake auna azurfar mutane: ya goga bakinsa a baƙin dutse, ya goga tasu a gefe, ya duba ko zanen ya zo ɗaya. Kullum wuri ɗaya yake gogawa.

Na ƙulle shi a bakin zanena, ƙulli biyu.

Surukina ya dubi tulin hagu ya ce, "To Inna, oga fa? Gobe zai zo."

Na ce, "Abin da na ji kai ma ka ji. Ka faɗa masa."

Sai ya ce ko zan koya masa. Na miƙa masa ɗayan na gasken da guda daga cikin tulin, na ce ya yi ta sakinsu bi da bi har kunnensa ya riƙe. Na bar shi durƙushe gaban dutsen yana saki, Bagwariyar tana ce masa ya yi sauri tana da dawa, ni kuwa na kama sandata na gangara gida, liyarin yana bugun cinyata.